Ramin kwantar da ƙazanta na cikin gida: aikinsa, kula da shi, da abin da dokar tsabta ke nema ga mai gida

Taƙaitawa

Wannan ƙasida tana bayani a kan ramin sumunti da ake kira fosse septique da Faransanci, wanda gidaje masu makewayin zamani ke amfani da shi a biranen Nijar. Mun nuna cewa ramin ba ya kashe cuta, yana raba ruwa da laka ne kawai, kuma ƙasar da ke shan ruwan ita ce ke yin sauran aikin. Daga nan muka kawo lissafin girman rami, hanyar auna laka, sharuɗɗan kwasa, da nauyin da doka ta ɗora wa mai gida.

1. Gabatarwa

A unguwannin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa mukan ji mai gida yana yabon magininsa da cewa raminsa ya shekara 15 ba a taɓa kwashe shi ba. A wurinsa wannan shaida ce ta aiki mai ƙarko. Ga wanda ya san yadda ramin ke aiki kuwa, magana ce mai tada hankali, domin ƙazantar da mutum 10 ko 12 suka tara cikin shekara 15 ba ta ɓacewa. Ko dai gindin ramin a buɗe ya ke tana tsiyaya cikin ƙasa, ko kuwa laka ta daɗe da cika shi tana wucewa gaba ba tare da an lura ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan birane da ke da babbar hanyar ƙarƙashin ƙasa mai kwashe ruwan bayan gida na dukan gidaje zuwa matata guda. Magudanan da ake gani a bakin titi na ruwan sama ne. Saboda haka kowane gida shi ke riƙe da ƙazantarsa, kuma lafiyar unguwa ta dogara ga yadda kowa ya riƙe tasa. Cututtukan da ke bin hanyar bayan gida zuwa ruwan sha ba baƙi ba ne a ƙasarmu: ciwon hanta nau'in E ya ɓarke a jahar Difa a 2017, kwalara ta tashi daga yankin Madarumfa a watan Yuli na 2018 ta kama fiye da mutum 3000, ta sake dawowa a 2021 ta kama fiye da mutum 5000. Dalilan annoba suna da yawa, amma kowace irin wannan annoba tana bukatar hanya tsakanin bayan gidan wani da bakin wani. Manufarmu a nan ita ce mu duba ɗaya daga cikin wuraren da mai gida ke iya toshe hanyar.

2. Kalmomi uku da bai kamata a gauraya ba

Kafin mu shiga bayani ya wajaba mu daidaita kalmomi, domin a bakin jama'a, har ma a bakin wasu magina, ana kiran abubuwa uku da suna ɗaya.

Na farko shi ne salanga. Rami ne da bayan gida ke faɗawa kai tsaye, ba ya bukatar ruwa mai yawa, kuma an gina shi ne don ruwan da ke ciki ya riƙa shiga ƙasa.

Na biyu shi ne abin da jama'a ke kira fos. Ɗaki ne na sumunti a ƙarƙashin ƙasa, wanda aka shafe bangonsa da gindinsa don kada ya yi yoyo. Ruwan makewayi yana shiga ta tiyo a gefe ɗaya, yana fita ta wani tiyo a ɗaya gefen. A cikin wannan ƙasida mun kira shi ramin kwantar da ƙazanta, ko fos a taƙaice.

Na uku shi ne gologo, wato puisard da Faransanci. Rami ne da ake cikawa da duwatsu ko a jera masa birgi mai ramuka, don ruwan da ya fito daga fos, ko ruwan wanka da wanke-wanke, ya sami hanyar shiga ƙasa.

Bambancin yana da nauyi. Fos dole ya riƙe ruwa, gologo dole ya saki ruwa. Magini da ya bar gindin fos ba sumunti, don wai kada ya cika da wuri, ya gina salanga mai zurfi ne ya sa mata sunan fos, kuma ya haɗa ta da makewayi mai zubar da ruwa fiye da yadda salanga ke iya ɗauka ba tare da lahani ba.

3. Abin da ke faruwa cikin rami

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Louis Mouras ya gina irin wannan rami a gidansa da ke Vesoul wajajen 1860, ya kuma yi masa rajista a 1881. A 1895 Donald Cameron ya yi wa nasa tsarin rajista a garin Exeter na Ingila. Tun daga lokacin asalin aikin bai canza ba.

In ruwan makewayi ya shiga ramin ya sami natsuwa, yakan rabu gida uku. Abin da ke da nauyi ya kwanta ƙasa ya zama laka. Maiƙo da kumfa su taso sama su yi ɓawo. Tsakanin biyun a bar ruwa mai ɗan haske, shi ne ke fita zuwa gologo. Don rabuwar ta samu, ana son ruwa ya yi aƙalla awa 24 cikin ramin. Shi ya sa ake raba fos ɗaki biyu, na farko ya ɗauki kashi biyu cikin uku na tsawon ramin, na biyu ya ɗauki kashi ɗaya. Shi ya sa kuma ake sa wa bakin shiga da bakin fita tiyo mai siffar harafin T, wanda ƙafarsa ke nitse cikin ruwa: na shiga yana hana sabon ruwa tada laka, na fita yana hana ɓawo bin ruwa.

A cikin lakar akwai ƙwayoyin bakteriya masu rayuwa ba tare da iskar shaƙa ba. Suna cin ƙazantar, suna mai da wani sashe nata ruwa da iska, ta haka lakar ke raguwa. Zafin ƙasarmu yana taimaka masu, domin ruɓa ta fi sauri a wuri mai ɗumi. Amma ba su cinye kome duka ba. Kullum akwai saura, kuma sauran yana taruwa shekara bayan shekara.

Abu biyu ya kamata a riƙe daga wannan bayani. Na ɗaya, ruwan da ke fita daga fos, ko da ya yi haske, cike ya ke da ƙwayoyin cuta. Kwana ɗaya ko biyu cikin rami ba ya kashe ƙwayar kwalara ko ta taifot. Na biyu, ƙwayayen tsutsar ciki suna kwanta cikin laka, kuma na tsutsar da likitoci ke kira askaris suna iya yin watanni, har shekaru, da ransu. Saboda haka ruwan da lakar duka abubuwan kiyayewa ne.

4. Lissafin girman rami

Littafin jagora da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 1992 a kan tsabtar cikin gida, na Franceys da Pickford da Reed, ya ba da hanyar lissafi mai sauƙi. Girman fos shi ne jimillar abu biyu: wurin ruwan kwana ɗaya, da wurin lakar da za ta taru tsakanin kwasa da kwasa. Ga mutanen da ke tsarki da ruwa, kamar yadda akasarinmu ke yi da buta, littafin ya ƙiyasta litir 25 na laka ga kowane mutum a shekara in ruwan makewayi kaɗai ke shiga, da litir 40 in an haɗa da ruwan wanka da na wanke-wanke.

Mu ɗauki misali. A ce gida yana da mutum 12, kowa yana tura litir 50 na ruwa cikin fos a rana, kuma ana son kwasa sau ɗaya cikin shekara 3. Wurin ruwa zai zama litir 600. Wurin laka zai zama 12 sau 40 sau 3, wato litir 1440. Jimilla litir 2040 ke nan, kusan metir kubik 2.

To amma gidanmu ba ya tsayawa a kan adadin da aka gina shi da shi. A ce ƴan'uwa sun zo daga ƙauye, an sauki ɗalibai, an sa ƴan haya a ɗakunan waje, har gida ya kai mutum 20. Ruwan kwana ɗaya ya zama litir 1000, wurin da ya rage wa laka litir 1040, alhali mutum 20 suna tara litir 800 a shekara. Ramin da aka yi don shekara 3 zai nemi kwasa cikin wata 15 ko 16. Da a ce tun farko an gina rami mai faɗin metir 1, tsawon metir 3, zurfin ruwa santimetir 120, wato litir 3600, da mutum 20 ɗin sun shekara 3 kafin ya nemi kwasa. Abin da lissafin ke koya mana shi ne, a gina don gidan da za a samu, kuma duk lokacin da yawan mutanen gida ya ƙaru a sake duba lokacin kwasa.

5. Gologo da irin ƙasar da ke shan ruwa

Tunda fos ba ya kashe cuta, ƙasa ce ke yin wannan aiki. Yayin da ruwan ke ratsa ƙasa mai iska a hankali, ƙwayoyin cuta suna maƙalewa tsakanin ƙwayoyin rairayi, suna mutuwa sannu a hankali. Wannan yana faruwa ne a ƙasar da ke sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa. In gindin gologo ya taɓa ruwan, tacewa ta ƙare, ƙazanta ta shiga ruwan da rijiyoyi ke ja. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji na duniya ke bi ita ce a bar aƙalla metir ɗaya da rabi tsakanin gindin rami da saman ruwan ƙarƙashin ƙasa, a kuma bar metir 30 tsakanin rami da rijiyar sha. Dokar Faransa ta 2009 ta sa metir 35.

Littafin 1992 ya ba da kimanin abin da kowace irin ƙasa ke iya sha a rana a kan murabba'in metir ɗaya na bangon rami: rairayi litir 50, jigawa mai ɗan laka litir 30, ƙasa mai tauri da yumɓu litir 10. Bango ake lissafawa, ban da gindi, don gindi yana toshewa da wuri. Gidan misalinmu mai litir 600 a rana zai bukaci murabba'in metir 12 a rairayi, 20 a jigawa mai laka, 60 a ƙasa mai yumɓu. Gologo mai faɗin metir ɗaya da rabi yana da kewayen kusan santimetir 470. A rairayi zurfin metir biyu da rabi ya ishe shi, a jigawa mai laka sai ya wuce metir 4 ko a haƙa biyu, a yumɓu kuwa gologo ɗaya ba zai taɓa wadatarwa ba.

Wannan ya sa tsari ɗaya ba zai dace da dukan garuruwanmu ba. Sabon garin Maraɗi yana kan tudu mai rairayi, inda aka maida shi bayan ambaliyar Gulbi ta 1945. Can ƙasa tana sha da sauri, amma a gangaren Gulbi ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa. Damagaram tana zaune a kan dutse: haƙa yana da wuya, dutse ba ya sha, kuma inda ya tsage ruwa yana bin tsagar ya yi nisa ba tare da ya tacu ba. A Yamai akwai bambanci tsakanin tudun gaɓar hagu da wuraren da ke ƙasa kamar kwarin Gunti Yena da unguwannin Harobanda, inda ruwa ke tasowa kusa da doron ƙasa da damina, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2024. A irin waɗannan wurare gologo mai zurfi haɗari ne. Ya fi kyau a baza ruwan cikin dogayen ramuka marasa zurfi da aka shimfiɗa wa tsakuwa, ko a ɗaga wurin tacewar sama da rairayin da aka zubo.

Akwai kuma abin da ƙasa ba ta tacewa sosai, shi ne gishirin nitrat da ke fitowa daga fitsari da bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin litir ɗaya na ruwan sha, musamman don kare jarirai. Binciken da Girard da Hillaire-Marcel suka buga a 1997 a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankin Yamai ya sami nitrat mai yawa a wasu rijiyoyi, ya kuma ambaci ramukan bayan gida cikin tushensa.

A nan ne matsala ta gaske ta ke. Fili mai metir 20 bisa 20, ko an auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa, metir 28 ne kawai. Ke nan gologo da rijiya ba za su iya zama cikin irin wannan fili su cika ƙa'idar metir 30 ba. Wanda ya nisanta gologonsa daga rijiyarsa ya kai shi jikin katanga, mai yiwuwa ya kai shi kusa da rijiyar maƙwabci. Don haka wurin haƙa gologo ba shawarar gida ɗaya ba ce. Kafin a haƙa, a san inda rijiyoyi da burtsatsen maƙwabta su ke. Inda tazarar ba ta samu ba, a bar ruwan rijiyar ga wanki da ban ruwa, ko a kai shi awo a kuma riƙa sa masa magani kafin a sha.

6. Kulawa ta yau da kullum

Abu na farko shi ne kiyaye abin da ke shiga. Leda, tsumma, audugar mata, ƙyallen jarirai da guntun sabulu ba su ruɓewa, suna toshe tiyo. Rairayi da toka da ake goge tukunya da su suna kwanta a gindi su daskare, har motar kwasa ta kasa zuƙe su. Ya kamata wurin wanke-wanke ya sami ɗan akwatin sumunti da zai tare rairayi da maiƙo, a riƙa kwashe shi kowane mako ko biyu. Ruwan sama daga indararo bai kamata ya shiga fos ko gologo ba, domin ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya isa ya tada lakar shekara ya tura ta gaba.

Abu na biyu shi ne barin bakteriya su yi aikinsu. Al'adar zuba baƙin mai, kananzir, Crésyl ko ruwan Javel mai yawa don kashe wari tana kashe su ne, laka ta daina raguwa, man kuma ya bi ruwa ya shiga ƙasa. Ruwa ba ya tsami banza: in rami yana wari, akwai dalili. Mafi yawa tiyon shan iska ne babu, ko ya toshe, ko murfi ya tsage. Ana son tiyo mai faɗin santimetir 10 wanda ya zarce rufin ɗaki, a ɗaure masa raga a baki. Ragar tana hana sauro shiga, domin irin sauron da ake kira kuleks yana son ƙazamin ruwa.

Abu na uku, wanda muka fi ba muhimmanci, shi ne awo. Sau ɗaya a shekara a buɗe murfin ɗakin farko, a bar iska ta fita, a sami doguwar sanda a naɗe mata farin ƙyalle daga ƙasa zuwa kamar metir ɗaya. A nitsa ta a hankali har ta taɓa gindi, a bar ta minti kaɗan, a zaro. Baƙin da ya kama ƙyallen shi ne tsayin laka. In laka ta kai rabin zurfin ruwa, lokacin kwasa ya yi; wannan ita ce ma'aunin da dokar Faransa ke amfani da shi. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a kwashe in saman laka ya zo santimetir 30 daga bakin tiyon fita, ko ƙasan ɓawo ya zo santimetir 15 daga gare shi. A rubuta ranar awo da tsayin laka cikin littafi. Bayan awo biyu ko uku mai gida zai san saurin cikar raminsa, ya kuma iya tanadin kuɗin kwasa tun da wuri.

Dalilin wannan nacewa shi ne, alamun da jama'a ke jira suna zuwa ne a makare. Ruwa ya ƙi wucewa a makewayi, ƙasa ta jiƙe kewaye da gologo, ciyawa ta yi kore a wurin da rani: duk waɗannan suna nuna cewa laka ta riga ta wuce ta toshe bangon gologo. Fos da ya cika ana kwashe shi ya koma aiki. Gologon da laka ta toshe kuwa da wuya ya farfaɗo, yawanci sai an haƙa sabo, kuma ba kowane fili ke da wurin sabo ba.

7. Kwasa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka: hanya tana da kyau ga mota, ƙasa a bushe ta ke, kuma rami zai shiga damina da sarari. Kwashe rami lokacin da ruwa ya kewaye shi yana iya sa bango ya rufta ko ramin ya ɗago.

Mai gida ya tsaya a kan aikin. Tiyon mota ya fi saurin jan ruwa a kan laka, kuma mota tana iya cika da ruwa ta tafi a bar lakar inda ta ke. A dama lakar da sanda, a kwashe ɗakuna biyun ta murafansu, a bar ƴar laka kamar tsayin taƙi ɗaya don ta zama iri ga bakteriya, sa'an nan a sake zuba ruwa. Kafin a rufe a duba tiyo masu siffar T, domin sukan karye su faɗa ciki ba a sani ba, a kuma duba tsaga a bango.

Shiga cikin rami haɗari ne na rai. Ruɓa tana fitar da iskar metan mai kama wuta, da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda in ta yi yawa takan kashe jin wari kafin ta sumar da mutum. Kada a leƙa rami da ashana, fitila mai wuta ko taba. In mutum ya faɗi a ciki, wanda ya bi shi ba kariya yakan zama na biyu. Inda mota ba ta iya shiga lungu aka kira masu kwasa da hannu, haƙƙi ne a kan mai gida ya ga an bar ramin a buɗe ya sha iska, an ɗaura wa mai shiga igiya, akwai mutane a sama, akwai takalman roba da safar hannu, da ruwa da sabulu bayan aiki.

Tambaya ta ƙarshe ita ce ina za a kai lakar. Haƙa rami a jikin katanga a binne ta, ko jiran daren da ake ruwan sama a sake ta cikin titi, ko juye mota a bakin tabki ko gonar kayan lambu, duk suna mai da aikin shekaru banza, don sun ɗauki abin da aka killace sun kai shi inda yara ke wasa. Mai gida ya tambayi mai mota inda zai zubar, ya kuma tambayi hukumar gari wurin da ta keɓe.

8. Abin da doka ke nema

Nijar ta kafa kundin tsabtar jama'a da doka mai lamba 93-13 ta ranar 2 ga Maris 1993. Bayanta aka yi dokar kula da muhalli mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998, da kundin ruwa mai lamba 2010-09 na 1 ga Afrilu 2010. Kundin ƙananan hukumomi na 2010 kuma ya sa tsabtar gari cikin ayyukan hukumomin garuruwa. Ruhin waɗannan dokoki ɗaya ne, ana iya tattara shi cikin abu uku: gida ya kasance yana da wurin da ya dace na tara bayan gida da ƙazamin ruwa, kada a zubar da su a kan hanyar jama'a, kada a gurɓata ruwan da mutane ke sha. Kundin 1993 ya kuma tanadi ma'aikatan tsabta, waɗanda jama'a suka sani da ƴan duba-gari, da ikon bincike da kama mai laifi.

In muka mai da wannan zuwa aikin mai gida, ga abin da ya ke nufi. Kafin gini, a nuna wurin fos da gologo cikin zanen da ake kaiwa neman izinin gini, a kuma nemi shawarar ma'aikatar tsabta a kan tazara da zurfi, tunda ita ta san ƙasar unguwar. Ramukan su kasance cikin filin mai gida. Gologon da aka haƙa a titi ya ci haƙƙin jama'a, kuma nauyin mota yana iya rufta shi. Kowane rami ya sami murfi mai ƙarfi wanda yaro ba zai iya ɗagawa ba. Kada a haɗa tiyon fos da magudanar ruwan sama. A adana takardar shaidar kowace kwasa tare da littafin awo, su ne hujja ranar da ma'aikacin tsabta ya zo ko maƙwabci ya kai ƙara. A gidan haya kuma, a rubuta tun farko wa zai biya kuɗin kwasa, domin inda ba a rubuta ba rami yakan tumbatsa ana cikin jayayya.

Ya kamata mu faɗi cewa doka ta fi ƙarfi a kan abin da ido ke gani. Ruwan da ya malalo titi ma'aikaci zai gan shi, amma fos mai yoyo ta gindi ba ya damun kowa a fili, har mai shi yabo ya ke samu. Faransa ta fuskanci wannan giɓi, sai dokarta ta ruwa ta 1992 ta ɗora wa garuruwa binciken ramukan gidaje, tun daga zane da gini har zuwa dubawa lokaci-lokaci. Muna ganin mataki mafi arha a wurinmu shi ne dubawa sau ɗaya kafin a rufe sabon rami: a cika shi da ruwa, a sa alama, a dawo bayan kwana ɗaya a ga ko ruwan ya sauka.

9. Kammalawa

Mun ga cewa fos, gologo da kwasa sarƙa ɗaya ce, kuma in guda ya tsinke sauran ba su da amfani. Abin da ake nema ga mai gida ba shi da yawa: rami mai riƙe ruwa, gologo daidai da irin ƙasarsa kuma nesa da rijiya, awo sau ɗaya a shekara, kwasa kafin laka ta wuce rabi, da sanin inda aka kai ta.

Ga ɗalibanmu masu neman batun bincike, akwai aiki a buɗe. Alƙaluman litir 25 da 40 da muka yi lissafi da su ƙiyasi ne na gama-gari. Awo na shekara biyu ko uku a gidaje kaɗan na Maraɗi ko Tawa zai ba mu namu. Taswirar unguwa ɗaya mai nuna kowace rijiya da kowane gologo, tare da awon nitrat da rani da damina, za ta amfani hukumar gari kai tsaye. Masu nazarin harshe kuma suna iya tattara sunayen da magina da masu kwasa ke ba waɗannan ramuka daga gari zuwa gari, don takardun faɗakarwa su yi magana da kalmomin da masu aikin ke ji.